Gadar Kwali

Shekara uku ina zuba Turanci a allo,
alli ya cinye mini yatsu.
Yara na amsawa kamar kwaɗin damina,
in na yi shiru, su ma tsit.
Tambayi Tanimu sunansa da Turanci,
sai ya dubi rufin aji, kamar can aka rataye amsar.

Wata Litinin na ajiye allin.
Na ce ku kawo kwali, karan dawa, zaren buhu,
gwangwanin madara, duk abin da Kawo ta zubar.
Za mu gina gadar kogin Kaduna tsakanin tebur biyu.
Sharaɗi ɗaya: mai son almakashi ya roƙa da Turanci.

Ranar farko almakashi ya yini a hannuna.
Washegari Rifkatu ta lallaɓo,
ta jefo kalma biyu, ɗaya a karye, ɗaya na ɗingishi.
Na miƙa mata, ban gyara ba.
Mai tatata ba a ƙirga masa taku.

Kafin mako aji ya koma Kasuwar Barci,
ana cinikin gam, ana musu kan tsawon ginshiƙi.
Sahura ta naɗa kanta injiniya, tana ba da umarni,
nahawu na bin ta a guje, ya kasa kamo ta.
Hedimasta ya leƙo, ya ce surutu ya yi yawa.
Na ce ranka ya daɗe, saurari harshen da ake yin sa.

Tanimu dai sai ƙullin zare, baki gum.

Ran gwaji muka ɗora motar gwangwani
maƙare da tsakuwa.
Tana kaiwa tsakiya, kara ya ce ƙaras.
Sai ga murya daga bayan aji,
da Turanci, da ƙarfi, ba wanda ya tambaye ta:
a tallafi hagu, ƙafar hagu ce ta gaza, a miƙo zare!

Gadar ta faɗi duk da haka,
tsakuwa har ƙarƙashin benci.
Ni ban ga faɗuwar ba.
Idona na kan yaron nan
da bai ma san ya ƙetare ba.

Gobe za mu sake gini.
Ya ce shi zai yi wa 'yan aji uku bayani.
Da kuɗin motata na sayi sabon gam,
na taka da ƙafa har Unguwar Dosa.