Mai Gadin Da Ya Manta Fuskata

Shekara ashirin da uku ina ɗinkin hula a Yakasai,
ƙube, damanga, zanna-bukar,
allura ta san hannuna fiye da yadda ludayi ya san shi.

Da asuba abin ya fara.
Na tashi alwala, buta ta gagare ni.
Yatsuna sun ƙage kamar an ɗaure su da tsirkiya,
ba hannu ɗaya ba, duka biyun,
gaɓa da 'yar'uwarta, sai ka ce sun yi shawara.
Sai hantsi ya dubi bango kafin su saki.

Yahanasu ta ce sanyi ne, ta daka min citta da kanumfari.
Mai kemis na bakin titi ya ƙirgo min kafso shida a leda,
bai tambayi ko sunana ba.
Wata kuma ta rage murya ta ce hannu aka sa min.
Na ce wane hannu? Nawa ne dai ke ciwo.

Damina biyu ta wuce
kafin Shamwilu ya tare mana adaidaita-sahu
zuwa asibitin koyarwa na titin Zariya.
Kati, layi, benci mai sanyi,
jinina a 'yan kwalabe uku.

Likitar yarinya ce, Rumasa'u,
ta juya tafina a hankali kamar mai duba ɗinki.
Ta ce, Inna, ba baƙo ne ya shigo miki ba.
Garkuwar jikinki ce,
mai gadin da ke kwana a ƙofa yana korar cuta,
shi ne ya daina gane 'yan gida,
yake dukan gaɓoɓinki da gorar da aka ba shi don ɓarayi.

Na yi shiru.
Wa zan kai wa ƙarar mai gadina?

Ta rubuta ƙwaya, sau ɗaya a mako, ba kullum ba,
ta sa na maimaita har sau uku: ranar Laraba.
Ta ce maganin zai sanyaya masa hannu,
amma wanda aka sanyaya wa hannu
ɓarawo na iya wuce shi yana gyangyaɗi.
Don haka zazzaɓi ba abin jira ba ne a gare ki,
ko tarin da ya ƙi tafiya,
ko fitsari mai zafi, ko ƙurjin da ya tara ruwa.
Ki zo. Kada ki aiko, ki zo.

Ranar da jikata Umaima ta fito da ƙarambau
daga bakin ƙofa na yi mata wasa,
tana miƙo hannu, ina ɓoye nawa a mayafi.
Wannan ya fi ciwon gaɓa ciwo.

Wani dare jikina ya ɗau zafi, haƙora na kaɗawa.
Da can da na ce gajiya ce, in ja bargo.
Na buga wa Shamwilu ƙofa.
Aka tsaga yatsa, aka ce cizon sauro,
na shanye maganin har ƙwayar ƙarshe
ko da na ji sauƙi tun kwana na biyu.

Yanzu da safe ina tsoma hannuwana a ruwan ɗumi,
in jira su farka, ba na yi musu faɗa.
Hular da nake gamawa a mako uku
ta ci min wata biyu da rabi,
kuma can wajen ƙeya zaren ya ɗan karkace.
Ban kai ta kasuwar Kurmi ba.
Shamwilu ne ke sa ta ran Juma'a,
yana juyo karkataccen gefen zuwa goshi.