Inda Allura Ba Ta Taɓa Ba

A shagon Kawu Namata, a Yelwa, bayan rumfunan albasa,
akwai hoton da ya girmi kakan kakana.
Wani direban tirela ya zo da shi daga Kwatano,
ya bar shi jingina kan bashin dubu huɗu,
bai waiwayo ba har yau.

Tashar jiragen ruwa ce a ƙasar Faransa.
Baƙi ne da fari kawai,
gilashin ya tsage ta kusurwa, ƙuda ya yi masa ɗige-ɗige.

Malama Hajo mai koyar da zane ta ce
ba alƙalami ya yi shi ba.
Faifan jan ƙarfe aka shafe da kaki,
aka ƙwarzane shi da allura,
aka tsoma a ruwa mai ci irin ruwan batir,
ruwan ya bi sawun allurar yana ci.
Sannan tawada, sannan takarda.
Na ce ashe ɗan'uwan masu zanen ƙwarya ne,
sai dai shi a juye yake aikinsa,
hagunsa ita ce damarmu.

Kawu ba ruwansa da wannan.
Shi igiya yake kallo.
"Wanda ya ɗaure jirgin nan ya ci gumin ubangidansa,
dubi ƙullin.
Na bayan kuwa lodi ya yi masa yawa,
a Neja da bai kai Rofiya ba."

Ni wata mace nake nema kullum,
can ƙasan matakala, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba.
Na ƙirga: ja bakwai na allura, shi ke nan ita.
Kwando a ƙugu, ta ba mu baya.
Ko miji take jira, ko kifi ya yi araha,
mai zanen bai ce ba.

Ruwan ne ya fi ɗaure mini kai.
Inda ya fi ƙyalli,
nan ne allura ba ta taɓa ba,
farar takarda ce tsurarta.
Mutum ya san inda zai ɗage hannu!

Da la'asar na gangara bakin kogi.
Kwalekwalen 'yan gungu na shigowa, injin na tari,
rana ta kwanta a ruwa, fari fat.
Wata mai ƙosai ta ba ni baya tana duban ƙetare.
Na kanne ido ɗaya,
na soma ƙirga ta.