Kujera Goma Sha Biyu

Ni ba malamin ƙididdiga ba ne,
hayar kujeru nake bayarwa a Bagalam,
amma littafina mai shuɗin bango
ya fi liman sanin wanda ya yi aure a Maradi.

A da, in kaka ta yi, aka sayar da gujiya,
Asabar ba ta isa, sai an ranci Lahadi.
Talatin nan, arba'in can,
amalanke bai san hutu ba,
jakina ya haddace ƙofar kowa.

Yanzu shafi guda sai ya ci wata biyu.
In an zo kuwa, an zo ke nan:
ɗari uku, rumfa huɗu, da janareto,
kwana uku ana sauya anko
kamar masu gasa da hawainiya.
Biki ɗaya ya haɗiye goma.
Sauran samari suna bisa kabu-kabu
da lissafin akwati a ka,
kuɗin atamfa na gaba, suna biye,
kamar mai korar inuwarsa da la'asar.

Na san ɗaya. A zaurena yake kwana.
Sahabi, talatin da huɗu,
furfura biyu a gemu; na gani, ban faɗa ba.
Shekara biyar yana zuwa zance Jiratawa.
Ƙanwar da ya tarar a goye
yau ita ke kawo masa ruwa.

Jiya da hantsi Tsahara ta zo da kanta.
Kunya ta hana ta dubana,
sai ta juya, da jakina take magana:
"Kujera goma sha biyu, Juma'a in an sauko."
Na ce, suna ne ko zaman makoki?
Ta ce wa jakin, "Aure.
Mun gaji da tara wa idon mutane.
Dabino kwano guda da fatiha.
Katifa ya saya tun bara."

Ni, mai ɗari uku a ɗaki!
Gobe a majalisa za a yi miya da ni.
Na buɗe baki, na tuna gemun nan,
na rufe.

Na rubuta goma sha biyu,
wurin kuɗi na ja layi.
Da dare na zaɓi masu lafiyar ƙafa,
na wanke su ɗaya-ɗaya da hannuna.
Na ƙara guda ban gaya wa kowa ba:
ta uwarsa,
da ta yi ta jira har damina biyu da suka wuce.