Ƙugiya Biyu

A Agege, bayan layin dogo,
inda jirgi ke girgiza min gwangwanayen fenti,
nan rumfata take, taku huɗu,
da benci mai gurguwar ƙafa.

Lantana mai tuwo ta kawo aiki.
Suna take so a goshin shagonta,
haruffa masu tudu,
irin waɗanda makaho zai shafa ya gane:
ƊANƊANON GIDA.

Morufu ya yanko su da injinsa,
kowanne bai wuce tsawon yatsa ba.
Na zazzage leda, na ƙirga:
dal uku, duk da kai a aske.
Na ce masa biyu suna da ƙugiya.
Ya ce injinsa bai san ta ba.

Sai na zauna da reza da ɓallin katako,
na fiƙe ƙugiya biyu kamar farcen jariri,
na ɗiga gam,
na riƙe numfashi har suka kama.

Ƙaramin harafi ba a riƙe shi a hannu.
Yatsa ɓarawo ne mara wayo, sai ya bar sawu.
Siririyar ƙusa nake kafa masa a baya,
in soke shi jikin soso,
su jeru kamar tsire a bakin wuta.

Samfefa tukuna, mai laushi,
har kaushin ya kwanta.
Sannan farin share fage.
Katako maƙishirci ne,
bakin yanka kuwa ya fi ko'ina sha,
sau biyu nake shayar da shi kafin ya ƙoshi.

Tanimu, wanda ya koya min, Allah ya jiƙansa,
yakan ce: fara da gefe, ka ƙare da fuska.
Kan buroshi kaɗai ke shiga gwangwani.
Ka sirka har ya tsinke kamar koko,
shafi uku marasa nauyi
sun fi ɗaya mai kauri,
don mai kauri shi ke zubar da hawaye,
ya taru a cikin kwarmin harafi ya daskare.

Gefe baƙi, fuska ja.
Baƙin shi ne inuwar da harafi zai tafi da ita
ko ranar da hadari ya rufe gari.

To, iskar Ikko jiƙaƙƙiya ce.
Abin da zai bushe kafin la'asar a Gumel
nan sai ya kwana biyu yana danƙo.
Na kife kwali a kansu.
Duk da haka ƙuda ya sami ƙofa,
ya sa hannu a kan harafi na bakwai
da ƙafafunsa shida.
Ban zage shi ba sosai.
Na kankare, na koma farko.

Ran Laraba muka ɗaura allon.
Lantana ta biya rabi,
rabin ta ce in riƙa zuwa da cikina.

Morufu ya ɗaga kai, ya nuna da leɓe:
wannan ɗan ƙahon, na mene ne?
Kafin in buɗe baki
wani mai tura baro ya tsaya cikin yayyafi,
ya haɗa baƙi a hankali,
harshensa ya sami ƙugiyar inda na sa ta.

Ya jingine baron.
Ya shiga.