Mai Shara a Tsibirin Margit

Nan kogin Danub ya dāre biyu,
ya bar ƙasa kamar harshe a baki.
Buda a dama, Fest a hagu,
kowa na cewa nasa ne.

Da can zomaye ne masu gari.
Sai mata masu ibada suka ja bango;
yau bangon iya gwiwa,
yara na tsallake shi da alawa a hannu.

Dezso, shekara talatin da tsintsiya,
ya san itacen da ambaliya ta kayar,
ya san bencin da Piroska ta ce masa a'a.

Da magariba ruwa na rawa da kiɗa,
baƙi na ɗaga waya.
Shi yana bakin marmaro mai ɗumi
yana gasa ƙafa,
har taragon ƙarshe ya haye gada.