Rigar Dalma

Ɗakin hoton ƙashi nake aiki,
can bayan Ƙofar Mata, a ƙasan bene,
inda ƙyaure ya fi na banki kauri.
Kafin in danna komai sai na tambaya:
"Baiwar Allah, ko da juna biyu?"
In ta sunkuyar da kai, in ce ta jira a waje.

Haske ne da ido ba ya gani,
ba ƙauri, ba zafi,
amma awon zinariya nake yi masa.
Ƙiftawa ɗaya. Ya isa.

Yau da safe, a adaidaitar Tanimu,
mun maƙale a cunkoson Kurna,
rediyo ya ce manyan duniya sun sake zama
kan a daina gwajin makamin ƙare-dangi.
Wasu sun sa hannu, wasu sun ce tukuna,
wasu sun sa, sun soke hatimin a aljihu.
Tanimu ya ja tsaki:
"Ina ruwan biri da gada?
A fara sauko mana da kuɗin mai."

Ban tanka ba. Canjina na karɓa.

Amma gwaji, Tanimu, kalmar gidanmu ce.
Mu in mun ce gwaji, jini ne rabin sirinji,
da yardar mai shi, don a nemo masa lafiya.
Su da suka yi nasu a hamada da tsibirai,
wa ya leƙa rumfar masunta ya yi sallama?
Wa ya tambayi matar makiyayi watanta nawa?
Iska ba ta nuna fasfo a kan iyaka,
girgije bai san sunan ƙasar da zai sauke ruwa ba.

Da azahar aka kawo Sagiru,
ya faɗo daga katanga garin ɗauko ƙwallo.
Uwarsa Kubura ta ce ita za ta riƙe hannun.
Na rataya mata rigar dalma,
ta ɗan rankwafa, ta yi dariya:
"Duk wannan nauyi don hoto guda?"

Na ce mata, don guda.
Sauran maganar na haɗiye.

Na taso na ratsa ta Kantin Kwari,
atamfa, shadda, leshi, bandir kan bandir.
Na duba, ban ga yadin da za a yanka
a ɗinka wa Kano tata rigar ba,
daga Dala har Hotoro.
Ko an ɗinka ma, wa zai iya ɗauka?