Kafin a Taɓa Bango

Damina uku ke nan ina ajiye kwano a tsakar zaure,
ɗigo yana ƙirga mini dare.
Gidan kakana ne, a Kusfa,
inda azara ta yi baƙi da hayaƙin fitilar mutanen da ban tarar ba.
Zanko ɗaya ya faɗi bara,
ɗayan ya karkata kamar mai sauraron gulma.

Muka zauna, mu bakwai masu gado.
Yaya Mamuda ya bugo daga Fatakwal:
"A rushe, a zuba bulo, kowa ya huta."
Goggo Lantana ta ce, "In kun zo rushewa ku fara ta kaina,
cibiyata tana gindin bangon nan."
Aka watse, furar ma ba a sha ba.
Ni aka bar wa littafin lissafi da biro,
don ni ne ban iya cewa a'a ba.

Na hau mota zuwa Samaru,
aka nuna mini ofishin Injiniya Uwani.
Na ɗauka za ta ce a kawo katafila.
Ran Laraba ta zo, ta tuɓe takalmi a bakin zaure,
ta ɗaga kai tana kallon ɗaurin guga
har na ji kunyar saƙar gizon da ke jiki.
Ta ƙwanƙwasa bango da 'yar guduma,
nan ya amsa da ƙarfi, can ya yi amon ganga.
"Wa ya yaɓa siminti a nan?"
Na ce, "Babana, shekarar da ya dawo daga Makka."
Ta ce, "Allah ya jiƙansa. Ya so gidan,
sai dai ya toshe masa hanci.
Bangon ƙasa numfashi yake yi.
Ruwa ya shiga, ya rasa ƙofar fita."
Ta rufe jaka.
"Karatuna ya tsaya nan.
Nemo mini wanda hannunsa ya san makuba."

A bayan babur muka ɗauko Baba Cindo magini,
ido ɗaya ya tafi, gwiwa ta ƙi.
Shi kam, na ce a raina, ko tubali ɗaya ba zai bari a taɓa ba.
Ya bi bango da tafin hannu
kamar mai duba zazzaɓin yaro,
ya gutsuri ƙasa ya ɗora a harshe.
Zaure: "Wannan zai ga jikan jikanka."
Shigifa: "A sake azara huɗu, gara ta ci biki."
Da muka iso ɗakin Inna,
inda aka haife ni,
inda ƙusar da take rataya carbi take har yau,
sai ya yi shiru.

"Wannan a sauke shi kafin ya sauke kansa.
Ni na cura tubalinsa, ina yaro, ina gaggawa,
ban bari ya bushe ba.
Shekara sittin ina jiran wani ya tambaye ni."

Ita tana awo, shi yana gardama.
Suka yi ja-in-ja a kan kwata,
suka shirya a kan indararo.
Ni ina ta rubutu:
jar ƙasa tifa biyu, azara, makuba,
kuɗin leburori, shayinsu na safe,
da wani abu guda da ban san layin da zan sa shi ba.

Da dare na kira Yaya.
Ya ce, "Nawa?" Na faɗa.
Ya yi tsaki mai tsawo,
sannan ya ce, "Turo lambar asusu."
Goggo ba ta yi kuka a gabana ba,
ta dai ce a bar mata ƙyauren ɗakin.

Sai bayan kaka za a fara, in ƙasa ta sha iska.
Yau na zare ƙusar, na sa a aljihu.
Ga hadari can ya taso ta Kufena,
bari in je in gyara wa kwano zama.